Filin Bakanike: Fijo 504 na shaƙewa da an taka totur, kafireto ne ko taimin?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun da suka taru min a wannan karon da yawansu kan tsofaffin motoci ne, irin masu kwantak da kafireto, waɗanda babu inda za ka jona musu kwamfuta ta faɗa maka ciwonsu. Na ware guda uku da ciwon nasu ya yi kama da juna. Ta farkon zan daɗe a kanta, don haka masu sauran biyun ku fara karanta ta tukuna, rabin amsarku na ciki.

TAMBAYA

Salam Baba barka da aiki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Dan Allah matsalar motata ce ta ishe ni, Peugeot 504 ce salun ta mahaifinmu Allah ya jiƙansa, tunda ya rasu tana ajiye a bayan gida an lulluɓe ta da tamfol kusan shekara shida, sai bara na ce wallahi bazan bari ta ruɓe ba na jawo ta gareji. An wanke tanki an sa sabon batir da fulogi da taya, yanzu tana tashi kuma silonta lafiya lau kamar agogo, amma da zarar zan tashi daga tsaye ko zan wuce wata motar na taka totur sai tayi jim kamar an shaƙe mata wuya, kamar zata mutu, wani lokacin har tayi tari ta kafireto sannan ta fizga. Rannan a shataletale saura kaɗan mai tifa ya hau kaina saboda haka. An wanke kafireton sau uku an canja jet babu canji, daga baya bakaniken ya sassauta distirbito ya juya shi yana saurare da kunne yace taimin ne, shaƙewar ta ɗan ragu gaskiya, toh amma yanzu in ina hawa tudu sai in ji wata ƙara cikin injin kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, allurar zafi tana hawa, kuma sitata tana yin nauyi wajen tayarwa alhali batir sabo ne. Yanzu yace sai dai in sayi wani kafireton, abokaina kuma na cewa in cire injin kawai in sa na wata motar zamani in huta. Ni Baba bana son in canja mata inji, haka Babanmu ya bar ta. Meye shawara?

Daga wani mai karatu a Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku ya kai haske kabarinsa, kai kuma Allah ya yi maka albarka da ka riƙe abin da ya bari. Kar ka sayi kafireto tukuna, maganar cire inji kuma ka ajiye ta gefe gaba ɗaya. Injin 504 ba injin da ake yarwa don shaƙewa ba ne. Tun 1968 Faransa ta fito da motar nan, a 1975 kamfanin Peugeot na Nijeriya, PAN, ya fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri cikin Kaduna, muka ci gaba da haɗa 504 har bayan shekarar 2000, lokacin su can Turai sun daɗe da dainawa. Shi ya sa har gobe in ka shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano za ka samu kayanta. Inji ne mai haƙuri, abin da yake so kawai a bi shi da awo.

Abin da na gani cikin wasiƙarka shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Kafireton da aka wanke sau uku ciwo bai motsa ba, ai ya kamata a ce an ɗaga kai an dubi wani wajen. Kuma ranar da aka taɓa distirbito ka ji canji, to motar da kanta ta nuna maka inda ke mata ciwo, sai dai an ba ta maganin da ya wuce kima.

Bari in faɗa maka yadda abin yake, don in ka gane shi babu mai sake juya maka distirbito da ka. Fetur da iskar da ke cikin silinda ba tashi suke yi lokaci guda ba, ci wutar ke yi daga bakin fulogi tana yaɗuwa, kamar yadda take cin busasshiyar ciyawa daga gefen gona, tana buƙatar ɗan lokaci. Don haka fulogi ke kunna ta tun fistin bai ƙarasa hawa ba, domin ƙarfin ya same shi daidai sanda ya juyo zai sauka. A silo, sanda inji ke aiki ba a taka totur ba, yana juyi kamar 900 a minti, wato 15 a daƙiƙa ɗaya. In ka kai shi 3000 a minti ya zama juyi 50 a daƙiƙa. Fistin ya ninka gudunsa fiye da sau uku, ita kuwa wutar ba ta ninka nata saurin haka ba, ka ga dole a kunna ta da wuri fiye da ɗazu. Ka tuna yaro mai danƙo da ke harbin tsuntsu a sama, gwargwadon saurin tsuntsun gwargwadon nisan da zai auna a gabansa. To taimin ke nan. Ba wuri guda yake tsayawa ba, tafiya yake yi tare da totur, kuma wannan shi ne abin da yawancin yaran gareji na yanzu ba a koya musu ba, sun ɗauka in silo ya yi daɗi taimin ya zauna.

Abu biyu ne cikin distirbito ke tafiyar da shi. Akwai wasu ƙarafa guda biyu masu ƙananan sifirin a ƙarƙashin farantin da kwantak ke zaune a kai, in inji ya ɗau gudu sai su buɗe su tura wuta gaba. Akwai kuma ɗan gwangwanin nan na gefe mai siririn tiyo da ya tafi kafireto, wanda muke kira bakum, shi kuma yana ƙara tura wutar gaba sanda ka ɗan taɓa totur sama-sama. Motar da ta yi shekara shida ƙarƙashin tamfol, damina shida ta wuce ta kanta, giris ɗin ƙarafan nan ya bushe ya zama ƙanzo, tsatsa ta kama su, robar cikin bakum ta tsage. Sai ya zama a silo wuta na zuwa daidai, da ka taka kuma ta tsaya inda take, fistin ya riga ta, mota ta yi jim ɗin da ka faɗa.

Shi bakaniken naka da ya juya distirbito gaba, ya ba ta tun daga silo wutar da ya kamata ta samu sai ta ɗau gudu. Shaƙewa ta ragu, gaskiya ne. Amma yanzu wajen tayarwa wuta na kamawa fistin na tsakiyar hawa tana danna shi baya, nauyin sitatar da kake ji ke nan, ba batir ba ne. Ƙarar tsakuwa a gwangwani kuwa, ɗana ina roƙonka kar ka raina ta. Man ne ke fashewa da kansa yana dukan kan fistin, in aka daɗe a haka ringi na karyewa, gaskit na ƙonewa, na sha ciro fistin da rami a tsakiyarsa saboda ita. Garin neman gira kar a rasa ido. Daga yau kar ka sake hawa tudu da ita a haka har sai an gyara.

Yadda za ku bi ta kuwa, ka samu safiya guda ka tsaya a kan aikin da kanka, inji a sanyaye, wanda ya kwana bai tashi ba. A fara da tazarar bawul, na shigar mai milimita 0.10, na fitar hayaƙi 0.25, da filageji, siraran ƙarafan nan na auna tazara, za a auna ba da ƙiyasi ba. Sai fulogi, bakinsu 0.6. Ka san injin 504 a kishingiɗe yake, fulogansa kuma can cikin wasu dogayen bututu suke da suka ratsa murfin bawul, to ka haska tocila cikin kowane bututu, in ka ga baƙin mai ya taru a ciki robobin wajen sun mutu, kuma man nan na sace wuta, a canja su a goge. Ka dubi murfin distirbito ta ciki ko akwai tsaga ko wani siririn baƙin layi kamar an zana da fensir, in akwai a canja.

Daga nan sai kwantak, ɗan ƙarfen nan na cikin distirbito da ke buɗewa yana rufewa don fulogi ya samu wuta, kuma nan ne ake yawan yin aikin baya-baya. Bakin kwantak milimita 0.40 ne sanda ya gama buɗewa. Dole shi za a fara saitawa kafin taimin, saboda duk sanda ka taɓa bakin kwantak ka taɓa taimin ko ba ka sani ba, in ya yi faɗi wuta ta yi gaba, in ya tsuke ta yi baya. Wanda ya saita taimin sannan ya dawo ya taɓa kwantak ya rushe aikinsa da hannunsa. In fuskar kwantak ɗin ta yi rami gefe guda ta yi tsini a ɗaya gefen, a sa sabo tare da kondensa, a ɗan shafa giris kaɗan, kamar ƙwayar gero, a jikin ƙusoshin sandar da ke buɗe shi.

Yanzu gwajin da nake jin zai tona asirin motarka, kuma ba ya cin ko sisi. Murfi a buɗe, ka sa a ɗan buga sitata ka ga ta ina rota ke juyawa. Sai a kashe makulli, ka kama rotan da yatsu ka murɗa shi ta wannan ɓangaren da yake juyawa. Ya kamata ya ɗan tafi ka ji sifirin na ja, da ka saki ya dawo da kansa tsaf. In ya ƙi motsi, ko ya tafi ya zauna can, ƙarafan sun kafe. Sai an fito da distirbiton an kwance farantin an wanke su da kananzir an sa mai, a kula da sifirin ɗin kar a miƙar da su kar kuma a musanya musu wuri. In ka zare rota za ka ga wani ɗan soso a tsakiyar sandar, ɗigo biyu na man inji yake so duk sanda aka yi sabis, mutane sun manta da shi kwata-kwata. Ka kuma girgiza sandar gefe da gefe, in tana lilo bushinta ya cinye, kuma duk saitin da za a yi ba zai zauna ba sai an gyara wannan.

Bakum kuma, ka zare tiyon daga wajen kafireto ka goge bakinsa ka zuƙa da bakinka kana kallon farantin kwantak. Ya kamata ya motsa. Sai ka toshe bakin tiyon da harshe, ya kamata farantin ya tsaya inda yake har sai ka saki. In kana ta zuƙar iska kamar ta tsinken shan lemo babu abin da ya motsa, robar ta fashe. Ɓarna biyu take yi a haka, ba ta tura wuta gaba, sannan tana barin iskar banza na shiga kafireto. Na ga motoci da dama da aka cire tiyon aka cusa ƙusa a ramin wai ai bakum ba shi da amfani, wannan kuskure ne, mota za ta riƙa shan mai ta kuma riƙa zafi a cikin gari.

Sai an gama duk wannan ake zuwa kan taimin ɗin kansa. Na 504 mai kafireto yana faɗawa tsakanin digiri 5 zuwa 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa, ya danganta da shekarar injin da lambar da ke buge a jikin distirbito, mai littafin motar ya duba. Tsofaffin cikinsu suna da wani rami a jikin kaskon kuloci, kana zura ƙarfe mai kaurin milimita 8 kana juya inji a hankali da hannu har ya faɗa cikin tsagar filawil, nan ne wurin wuta. Na baya-baya kuma alamar na jikin fule ta gaba. In babu fitilar taimin, ƙwan fitilar mota mai waya biyu ya isa a fara, waya ɗaya a kan kwayil wajen da wayar distirbito ke shiga, a kwayil ɗin Faransa za ka ga an rubuta RUP a wajen, ɗayar a jikin inji. A buɗe makulli, a mayar da distirbito baya har ƙwan ya mutu, sannan a dawo da shi a hankali ta kishiyar inda rota ke juyawa, daidai inda ƙwan ya kama a ɗaure. Dan Allah a tuna a zare ƙarfen nan kafin a taɓa sitata.

Amma ni na fi son ka nemi mai fitilar taimin ko da a wajen masu wayarin ne, don ita kaɗai ke nuna maka tafiyar wutar da idonka. A maƙala ta a wayar fulogi na ɗaya, mutanen Peugeot daga baya wajen filawil suke fara ƙirga silinda, amma kar wannan ya dame ka, na ɗaya da na huɗu alama guda suke nunawa. A zare tiyon bakum a toshe, a saita a silo. Sannan a riƙa ƙara totur a hankali kana kallo, alamar ta riƙa tafiya sumul tana nisa, in an saki ta dawo mazauninta. In ta tsaya cak ƙarafan ba su saki ba. In tana rawa tana tsalle, sandar distirbito ce ko sarƙar taimin ta saki.

Ban wanke kafireto daga zargi gaba ɗaya ba fa. Tarin nan da ka ce tana yi ta sama yawanci alamar mai ya yi ƙaranci ne a daidai lokacin, kuma ina kyautata zaton ciwo biyu ne suka haɗu maka. Sanda ka danna totur farat ɗaya iska ce ke rigan mai shiga don ta fi shi sauƙi, shi ya sa aka yi wa kafireto wani ɗan famfo da ke tsarta fetur ya cike giɓin. Inji a kashe, ka cire tukunyar filtar iska, ka leƙa maƙogwaron kafireton da tocila, wani ya taka totur. Ya kamata ka ga fetur ya tsarto siriri da ƙarfi tun daga farkon takawa, ba ɗigo ba, ba kuma sai an kai rabi ba. In Solex ne irin wanda aka fi samu a kansu, wata 'yar roba ce a gefe cikin murfi mai sukurori huɗu, shekara shida ba mai ta bushe ta yi tauri, kuma wanki ko sau goma ne ba ya rayar da ita. Kuɗinta bai kai na man da ka ƙona kana zaryar gareji ba. Kar ka kuskura ka leƙa maƙogwaron nan inji na aiki, tari ɗaya za ta yi wuta ta same ka a fuska. Ka tambayi jet ɗin da aka cire maka tun farko, in suna nan a mayar da su. A duba gaskit na gindin kafireto da babban tiyon da ya tafi tukunyar birki ko suna shan iska.

In an haɗa komai ka hau titi mai ɗan tudu, inji ya yi ɗumi, kana giya ta huɗu a gudun kamar kilomita 50 a awa, ka danna totur sosai. In ka ji tsakuwar nan a mayar da wuta baya digiri 2 a sake gwadawa. Ka rubuto min abin da rotan ya yi da ka murɗa shi, ina son in sani.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni mace ce kuma bitil nake hawa, Volkswagen mai inji 1600, mijina ne ya saya min ita don na daɗe ina sonta tun ina yarinya makwabcinmu na da irinta. Da tana tafiya lafiya, sai distirbiton ya lalace aka sa mata sabo wai shi 009 akace yafi na asali, tun daga ranar in zan tashi daga danja sai tayi kamar ta faɗa rami kafin ta ɗauka, dole sai na riƙa wasa da totur ina riƙe kuloc. Na lura sabon bashi da ɗan gwangwanin nan na gefe da tsohon ke da shi, nayi magana akace min ba komai wai ni ban san mota ba. Malam da gaske ba komai?

Daga wata mai karatu a Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Da komai, kuma idonki ya ga abin da ya kamata mai gyaran ya gani. Ki daina bari ana ce miki ba ki san mota ba, ke kike hawanta kullum.

Distirbiton Bosch 009 ƙarafa kawai gare shi, ba shi da bakum, ba ya tura wuta gaba sai inji ya riga ya ɗau gudu. Kafireton da ke kan yawancin bitil 1600 kuwa, Solex 34 PICT-3, an yi shi ne ya yi aiki da distirbito mai bakum, wanda da an ɗan taɓa totur yake ba da ƙarin wuta nan take. Da aka raba su sai aka bar giɓi tsakanin silo da gudu, shi ne ramin da kike jin tana faɗawa. Wannan sanannen ciwo ne a wajen masu bitil a duk duniya, ba a kanki aka fara ba, mu ma nan mun sha ganinsa tun zamanin da ake haɗa motar a Legas daga 1975. Ki sa a duba lambar da ke jikin kafiretonki, in ita ce wannan to magani na gaskiya shi ne a nemo distirbito mai ƙarafa da bakum mai tiyo ɗaya, a saita shi digiri 7.5 kafin ƙololuwa, tiyo a zare a toshe lokacin saitin. In tsohon naki na nan ma a duba shi, sau da yawa wanki da sabon gwangwani kawai yake so.

In kuma dole sai an zauna da 009 na ɗan lokaci, ba a silo ake saita shi ba, don kowanne da irin nisan da yake tafiya. Da fitila ake yi, a ɗaga inji sama da juyi 3000 har alamar ta daina tafiya, a tsayar da ita tsakanin digiri 28 da 32, kar ta wuce. A fulen asali digiri 30 na kamawa wajen milimita 46 dama da alamar ƙololuwa, ana daidaita ta da layin da ya raba kaskon inji biyu. A yi hattara da tsagar da ke jikin fulen, ba kowace ce ke nufin ƙololuwa ba, sun bambanta daga shekara zuwa shekara, sai an tabbatar da fistin na ɗaya tukuna. Kuma lallai a wayar silinda ta ɗaya za a maƙala fitila, wadda ke dama ta can ciki wajen gaban mota. Sannan a ƙara wa famfon totur tsartuwa, zai rage ramin ko da bai cike shi duka ba.

Abin da nake ji miki tsoro shi ne wani ya ce bari ya ƙara wuta gaba don ramin ya ɓace. Bitil ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya ta, babu allurar da za ta gargaɗe ki, a zafin watan Afrilu wutar da ta wuce gaba na iya cinye fistin a tafiya guda daga Kaduna zuwa Zariya. Bawul ɗinta kuma milimita 0.15 ne duka, inji a sanyaye, a riƙa duba su duk sanda aka juye baƙin mai. Akwai kuma siririn bututun da ke ɗauko zafin salansa yana ɗumama wuyan da ke ƙarƙashin kafireto, in mota ta yi tafiya ya kamata ya yi zafin da ba ya taɓuwa, in da sanyi kika same shi ya toshe da baƙin hayaƙi, shi ma yana kawo irin wannan shaƙewar musamman da sanyin hunturu.

TAMBAYA

Gaisuwa mai yawa Maigida. Ina da Peugeot 404 a-kori-kura ina ɗaukar kaya zuwa kasuwannin ƙauye. Da safe lafiya take, in tayi kamar rabin awa ta ɗau zafi sai ta fara tsinkewa tana fizga har ta mutu, in na bari ta huce sai ta tashi kamar ba ita ba. Kuma kwantak baya yi min wata ɗaya ya ƙone. Kullum delko ake juyawa. Na gode.

Daga wani direba a Damagaram

AMSA

Ina amsawa ɗan'uwa, a gaida mutanen Damagaram. A bar delkon nan ya huta, abin da mu nan muke ce wa distirbito ke nan ga masu karatu na wannan ɓangaren. Taimin ba ya lalacewa don inji ya yi zafi ya kuma gyaru da kansa don ya huce. Ciwon da ke zuwa da zafi ya tafi da sanyi, kwayil ne ko kondensa ko kuma man da ke tafasa cikin bututu, kuma ƙonewar kwantak duk wata ta sa na fi karkata ga na farkon biyu.

Akwai kwayil iri biyu da suka yi kama a ido. Wani an yi shi ya sha wutar batir kai tsaye, in an auna tsakanin ƙananan ƙusoshinsa biyu yana ba da wajen om 3. Wani kuma wajen om 1.5 ne, shi sai da wata 'yar farar tangaran a gabansa mai rage masa wuta. In aka ɗaura maka na biyun babu tangaran ɗin, wuta na yi masa yawa, ya yi zafi ya gaza, kwantak kuma ya riƙa ƙonewa, daidai abin da ka faɗa. Mai wayarin zai auna maka shi da mita cikin minti biyu. Kondensa ma a canja, a tabbatar ƙusarta ta kama jikin delko da kyau, kuma ka ajiye guda a aljihun mota don na yanzu ba su da ƙarko irin na da. Ka daina barin makulli a buɗe inji a kashe in kana jiran lodi, wannan kaɗai na dafa kwayil da kwantak.

Ranar da ta sake mutu maka a hanya kar ka jira ta huce, a nan take za ka kama ɓarawon. Ka zare babbar wayar tsakiyar delko, ka riƙe ta da filaya mai roba kamar milimita 6 daga jikin inji, nesa da kafireto, yaronka ya buga sitata. In wutar ja ce mai rauni ko babu ita sam, kwayil ne ko kondensa. In shuɗiya ce tana ƙara ƙyat-ƙyat to wuta lafiya take, ka koma wajen mai, ka jiƙa tsumma da ruwa ka ɗora kan famfon mai da bututunsa, in ta tashi bayan minti kaɗan man ne ke tafasa, sai a nisanta bututun daga jikin salansa a duba famfon. Man kwalba na bakin hanya kuma in ba ka yarda da mai shi ba ka bar shi, wanda aka gauraya da kananzir yana sa inji ƙarar tsakuwar nan da na yi wa ɗana na Zariya bayani ko da taimin na daidai, balle kai da ke ɗauke da buhuna cikin rairayi.